Igiyar Habsu

Babu wata ɗabi'ar ɗan Adam da ba a iya gyarawa, matuƙar an gano abin da ke ciyar da ita. Ba maganata ba ce, ta Doktor Fadilu ce. Da ita ya buɗe ƙasidar da ya karanta a wani taron masana a Yamai, aka tafa masa har baƙin waje suka miƙe tsaye. Ni kuwa na fi duk waɗanda suka tafa yarda da ita, domin na gwada ta da hannuna, kuma a kan mai ita na gwada.

Barkanmu da sake haɗuwa, masu karatu. Waɗanda suka cika mini waya da "Anti Nafisa, kishi ke damunki", na gani, na kuma yafe muku. Ina da lisansi, digirin jami'a. Mace mai lisansi ba ta kishi, lura take yi.

Saboda sababbin zuwa: ni ce Nafisa, autar Malam Manzo a nan Gure. Doktor Fadilu ɗan Gidigir ne, ya karanci halayyar ɗan Adam a Yamai da Dakar, ya dawo da tabarau, da baƙin moto mai ƙafa biyu, da al'adar cewa "abin sha'awa" a wurin da mutane ke cewa "innalillahi". Shi ne mai nemana. Haka dai unguwa ta sani.

Ranar da ya fara zuwa zance, na shimfiɗa darduma a zaure, na sha lafaya ruwan zuma wadda ta kwana a kan turaren wuta, na jera shayi da dabino. Ko gaisuwa ba mu gama ba ihu ya tashi daga cikin gida, irin ihun da ke sa kaji su watse.

"Wace ce wannan?"

"Habsu ce, 'yar yayata. Rabu da ita, haka take."

"Tun yaushe? In ta fara, me ake yi mata?"

"Doktor, shayinka zai huce."

"Abin sha'awa," in ji shi.

Saurayi ya shigo gidanmu, kafin shayi ya huce ya zama mai bincike.

Habsu shekararta shida, ba ta taɓa furta kalma ba. In abu ya dame ta, ihu take, ta buga kai da bango, ta ciji duk wanda ya riƙe ta. Dangin ubanta sun yi rubutu, sun yi hayaƙi, sun yanka baƙar kaza, da suka gaji suka ce iskokin daga ɓangaren uwa suke, suka haɗo yarinyar da uwarta da takarda suka maido mana. Haka Yaya Raihana ta dawo ɗakinta na 'yammatanci, ba ta kai talatin ba.

Doktor ya zauna a tsakar gidanmu kwana da kwanaki yana kallo kawai, sannan ya ce da Inna:

"Ba iskoki ba ne, Inna. Magana take."

"Magana? Da kai ga bango?"

"Da abin da ta ga yana aiki. In ta yi ihu, ku duka kuke rugowa, wannan da fura, wannan da goyo. Ku kuka koya mata."

Inna ta dube shi ta dube ni, irin kallon "wannan kika kawo mana?"

Amma a yi wa mutum adalci, aikinsa aiki ne. A ƙasashen da ya yi karatu, hotuna ake buga wa irin waɗannan yara, yaro ya miƙa hoton abin da yake so a ba shi. Shi ya ce a ƙauyukanmu wa zai buga hoto, kuma Habsu ma cinye takardar za ta yi. Sai ya sa aka samo igiya aka ɗaure mata kayan gida: ƙaramin ludayi, takalmin roba ƙafa ɗaya, 'yar buta, da ƙyallen zanen uwarta. In ta miƙa ludayi a ba ta fura nan take. Takalmi, a fita da ita ƙofar gida. Ƙyalle, a goya ta. In kuwa ihu ta yi, a tsare kanta kada ta ji ciwo, amma kada a ba ta komai sai ta miƙa. Kuma ba shi zai koyar ba, uwa ce za ta koyar, shi nasa kallo da gyara. Dabarar irin wannan igiyar ce aka tafa wa a Yamai. Kafin damina ta wuce, gidanmu ya yi shiru har maƙwabta suka aiko tambaya ko yarinyar ba ta da lafiya.

To ina matsalar? Matsalar ita ce yabo.

Kullum bayan la'asar zai jingine moto, ya gaishe ni a tsaye, ya wuce ciki. Ni ina zaure cikin shadda mai aiki har gwiwa, ina jiyo shi:

"Madalla, Maman Habsu! Haka ake yi! Kin ga yadda kika jira ta? Madalla!"

Maman Habsu kuwa daga bakin murhu ta taso, zanenta duk toka, ɗankwali a karkace. Ita ake wa madalla. Ni da na yi rabin yini gaban madubi sai na tambaya da bakina:

"Ba ka ga ɗinkin ba?"

"Wane? Au. Ya yi."

Ya yi. Kamar an tambaye shi gishirin miya.

Waya ma haka. Na rubuta masa: "Ka isa gida lafiya? Zauren ya yi mini faɗi bayan tafiyarka." Alamar nan biyu ta koma shuɗiya, shiru. Sai washegari da hantsi: "Alhamdulillah." Amma Yaya Raihana ta tura masa vokal, saƙon murya, ta ce Habsu ta miƙa buta da kanta, kafin ta ajiye wayar amsa ta shigo. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata, ina jin muryarsa tana rawa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

Na tambaye shi dalili. A natse na tambaya, irin ta masu lura.

"Tukuici in ya yi jinkiri ba ya aiki, Nafi. Dole yabo ya biyo aiki da zafinsa."

"Ni fa?"

"Ke ai ba gyara ki nake ba."

Kun ji fa. Wato sai mutum ya lalace kafin a amsa masa saƙo.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya ranar gidan tabarau ne. Ya manta tsohon gidan tabarau ɗinsa a kan tabarma. Washegari ya makara, sai Habsu ta ɗauko shi ta kai wa uwarta, ta danna mata a tafin hannu, ta juya tana kallon ƙofa. Ba wanda ya koya mata. Ita ta ƙirƙiro kalmarta ta farko, kuma kalmar ita ce Doktor. Da aka faɗa masa, ya cire tabarau ya goge ido, ya ɗaure gidan a igiya da hannunsa, ya ce:

"Raihana, kin san me kika yi kuwa?"

Raihana. Ba Maman Habsu ba. Ita ma ta goge ido da bakin mayafi. Su biyu a durƙushe, yarinya a tsakiya, kamar hoton kalanda. Ni ina tsaye da tire.

A makon ne Baba ya kira ni bayan sallar magariba, Inna na gefe tana tsinke zogale.

"Nafisa, ni ban gane ba. Yaron nan likitan Habsu ne ko mai nemanki ne? In likita ne, Allah Ya saka masa. In mai nema ne, ina son ganin magabatansa kafin azumi. In ba haka ba zauren nan zan rufe."

"To, Baba."

Da ya fita masallaci Inna ta ɗora nata:

"Ke da kika yi karatu har Damagaram kin kasa abin da mu muka yi da kwalli kaɗai. Kuma bari ki ji, yayarki bazawara ce, ba ta kuma da muni. Ban ce komai ba. Na dai ce ki buɗe ido."

Na buɗe. Amma ba boka na je ba, ni ba irin waɗannan ba ce. Ƙasidarsa na buɗe, wadda ya turo mini tun farkon haɗuwarmu a madadin kalaman soyayya. Na karanta ta tsaf. Ashe duk ilimin bai fi doka biyu ba. Abin da kake son ya yawaita, ka bi shi da tukuici nan take. Abin da kake son ya mutu, ka zama bango: ba faɗa, ba harara, ba tsaki, domin faɗa ma kulawa ce. Ya kuma yi gargaɗi cewa kafin ɗabi'a ta mutu sai ta yi bore, ta ƙaru fiye da da, kuma a nan yawancin mutane ke karaya.

Na ce Allah Ya yi wa karatunka albarka, Doktor.

Washegari ya fito daga cikin gida ya zauna, fuska a washe.

"Nafi, yau Habsu ta haɗa biyu, takalmi da ƙyalle, wato a goya ta a fita da..."

Na zuba wa lallen hannuna ido. Ban ɗaure fuska ba, ban saki ba. Bango.

Ya kurɓi shayi. Can, don kawai ya cike shirun, ya ce:

"Jiya na biya ta wajen gidan da nake son kamawa. Akwai bishiyar lemo a tsakar gida."

Na ɗago. Na yi masa murmushin da nake ɓoyewa don ranar ɗaurin aure. Na zaɓi dabino mafi laushi na miƙa masa da hannu biyu.

"Lemo, Doktor? Ba ni labari."

Bawan Allah ya ba ni labarin lemo har aka kira magariba.

Haka muka ci gaba. Habsu, bango. Raihana, bango mai siminti. Gida, labule, ranar da kawunsa zai dawo daga Diffa, shayi na uku mai zaƙi da dariya har da rufe baki. A waya ma haka: in ya turo bidiyon Habsu, na buɗe na bar shi da shuɗin alama. In ya ce "wane launi kike so a falo", kafin ya ɗauke yatsa na amsa, da zuciya ja guda uku.

Boren ya zo kamar yadda ya rubuta. Wata Laraba ya zauna ya yi ta Habsu, Habsu, Raihana ta ce, Raihana ta yi, murya na ƙara sama, har ya kawo wayar daf da hancina.

"Dubi nan, Nafi! Dubi yadda take kallon idon uwarta!"

Na dubi lalle.

"Ba ki da lafiya ne?"

"Lafiya lau."

Wallahi na ji tausayinsa. Amma shi ya ce a nan mutane ke karaya, ni kuwa ɗaliba ce mai bin malami. Daga ranar abin ya fara sauka. Zaman cikin gida ya gajarce, na zaure ya tsawaita. Madallar da nake jiyowa ta koma ɗaya-ɗaya, ita ma a gajiye. Har ya fara lura da ɗinki. Ranar da na sa atamfa kore da mayafi ruwan madara, shi da bakinsa ya ce, "Wannan sabuwa ce?" Na kusa in ce masa madalla, haka ake yi.

Ana saura 'yan makonni azumi ya zo da fuskar mai shirin karanta sakamako. Bai shiga ciki ba.

"Nafi, akwai magana. Kwamitin da ke sa ido kan bincikenmu yana da doka: mai bincike ba ya bincike a kan danginsa. Ranar da magabatana suka zauna da Baba, Habsu ta zama 'yata. Dole in cire ta."

"Ikon Allah," na ce.

"Hanya biyu ce. Ko in roƙi Baba ya ɗaga mini zuwa bayan Babbar Salla, in ƙarasa da ita. Yanzu ne take gab da fara haɗa sauti, in aka bari a nan..."

Lallen nan dai. Ya ma fara goguwa a gefen babban yatsa, na lura.

Ya daɗe yana jira. Ina jin ƙarar ludayin Habsu a cikin gida yana bugun 'yar buta.

"Ko kuma," ya ce a hankali, "in mayar da aikin Kelle. Akwai gidaje uku can da suka nema. Zan dinga kwana can ranakun aiki. Maman Habsu ta riga ta iya, ba lalle sai da ni ba. In ya so kawu su zo Asabar ta sama."

Jama'a, Allah shaida ne, ban ce uffan ba. Ban zaɓa masa ba. Dabino kawai na miƙa.

Da ya shiga ya faɗa wa Yaya Raihana, ina laɓe a bakin zaure. Ina jiran kuka, ko roƙo, ko wata kalma da zan riƙe in ce kun gani, dama na faɗa. Tana tankaɗe gari. Hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba.

"Allah Ya sanya alheri, Doktor. Mun gode da abin da aka yi. Mutanen Gidigir burabusko suka fi so ko shinkafa?"

Ko a nan sai da ta fi ni. Ita komai nata a natse.

Ya ce zai dinga leƙowa. Kelle ba nisa, amma rairayin hanyar ba ya son moto, ko kuma moton ne ya daina son hanyar gidanmu, ban bincika ba. Kullum bayan la'asar Habsu za ta jawo igiyarta, ta kama gidan tabarau, ta danna wa uwarta a hannu. Ludayi na kawo fura, takalmi na buɗe ƙofa, wannan kuwa ba ya kawo komai. Uwar za ta miƙa mata ƙyalle, ta ture. Ta miƙa ludayi, ta ture. Sai ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

Asabar ta zo. Mota biyu daga Gidigir: Kawu Aisami da farin rawani, Baffa Abarshi mai sanda, da mata huɗu cikin lafaya suna ƙamshin humra tun daga bakin titi. Goro, dabino, alawa, turmin atamfa. Shi ango ba ya zuwa irin wannan zama, yana Kelle. Maza suka zauna zaure da Baba, mata suka shigo rumfar Inna. Yaya Raihana tun asuba take kan murhu, ita ta tuƙa burabusko, ita ta yi miyar yakuwa da naman rago, ita ma ta ɗaura mini ɗankwali, ta ja baya ta duba ta ce, "Autar Inna, kin fito."

Ina zaune a ɗakina cikin lafaya ruwan hoda mai ɗigon zinari, ina jiran a kira ni gaisuwa, aka yi kiran la'asar. Labule ya motsa. Habsu ce, igiya na jan ƙasa a bayanta. Ba ta taɓa kawo mini komai ba, ko ludayi. Ina jin ta gaji da uwarta ne, ko ta lura cewa in Doktor yana gidan, kusa da ni yake ƙarewa. Yarinyar ba ta magana, amma ba wawiya ba ce.

Ta kama hannuna mai sabon lalle, ta buɗe shi, ta danna gidan tabarau a ciki. Ta dube ni cikin ido. Ita da ba ta kallon idon kowa sai na uwarta.

Me zan ba ta? Ku faɗa mini, ku masu cika mini waya. Na yi abin da na ƙware a kai. Na zama bango.

Ta sake dannawa. Ta ɗaga shi ta kai mini daf da hanci, yadda mai shi ya taɓa kai mini waya. Sannan ihun da unguwa ta manta da shi ya dawo gaba ɗaya, da ƙarar goshi a jikin ƙyauren ɗakina.

"Raihana!" Inna ta ƙwala daga rumfa. "Baƙi!"

Yaya Raihana ta shigo da gudu, hannu duk miya, ta sa tafinta tsakanin goshin da ƙyaure, ta sungumi yarinyar ta yi can ƙuryar gida, ɗakin da muke ajiye hatsi, ta ja ƙofa. Ihun ya koma kamar daga cikin rijiya.

Ina jin ɗaya daga cikin matan Gidigir tana tambaya, "Hajiya, yarinya ce ba lafiya?"

"Ta maƙwabta ce," in ji Inna. "Bismillah, ku sa hannu kada ya huce."

Aka kira ni, na fita na durƙusa, aka yaba tarbiyya, aka yaba natsuwa. Wata ta ce da ganin wannan ba ta da hayaniya. Daga zaure aka shafa fatiha, aka sa rana bayan Ƙaramar Salla, guɗa ta tashi. Baba ya shigo yana murmushi har kunne. Burabusko kuwa sun ce ko a Gidigir sai an tona kafin a sami irinsa.

Sai da motoci suka tashi Yaya Raihana ta fito. Habsu ta yi barci a kan buhun gero. Uwar ta naɗe hannun dama da mayafi daga wuyan hannu zuwa gwiwa, jini ya ɗan ɓullo ta wuri biyu. Ta zauna a kan turmi, ta ɗora igiyar a cinya, ta kwance ƙullin gidan tabarau da haƙori, don Doktor ne ya ɗaure, kuma ya ɗaure da kyau. Ta miƙo mini.

"Ki mayar masa. Kada ta dinga roƙon abin da babu."

"Yaya, hannunki..."

"Murhu ne."

Ta tattara tukwane ta nufi bakin rariya.

Wayata ta yi ƙara. Shi ne. "Kawu ya kira ni, an gama lafiya, alhamdulillah." Na fara neman zuciyoyin nan ja, sai wani saƙon ya biyo baya: "Yaya Habsu?"

Wannan ma yana cikin ƙasidar, a shafin ƙarshe. Ɗabi'ar da aka ɗauka ta mutu takan sake leƙowa wata rana, ba dalili. In aka kula ta sau ɗaya, ta dawo da ƙarfinta. Na bar shi da shuɗin alama.

Ba a jima ba wayar Yaya Raihana ta ɗauki ƙara, 'yar ƙaramar nan mai fasasshen gilashi da ke kan taga kusa da rariya. Daga inda nake ina hango sunan Doktor. Yaya Raihana ta dubi wayar. Ta dube ni, ni da lafayata da gidan tabarau a hannu. Ta goge yatsu a zane, ta kifa wayar, ta koma kan tukunya. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji ta yanke.

Sai wayar ta sake ɗaukar ƙara.

Ni dai lura nake yi, na faɗa muku. Kuma abin da na lura shi ne, tun da nake da Doktor Fadilu, in ya kira ban ɗauka ba, bai taɓa sake kira ba.

Yaya Raihana ba ta ko ɗago ba. Ta gyara naɗin mayafin da ya fara jiƙewa, ta ƙara toka a soso, ta ci gaba da kankare ƙanzon burabuskon baƙina.